Wa Ya Ɗaga Kujerar Baba?

Al-Ranuna, Madina
Ranar Asabar

Zuwa ga mahaifiyata,

Umma, wa ya gaya miki zan kai Baba teku in nutsar da shi? Ki faɗa min sunansa. Ko da yake ba sai kin faɗa ba, na san hannun da ya ɗauki waya.

Ki yafe min, na sa tambaya gaban gaisuwa, halin nawa ne da kika sani. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya Kano, ya jikin Inna Zenabu? Allah Ya tashi kafaɗunta, ke kuma Ya ba ki ladan jinyar 'yar'uwa. Mu nan lafiya, sai zafi da kewarki. 'Yarki Sundus na gaishe ki, ita ce za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki. Na zaɓi rubutu ne don a waya ba na kai ƙarshen magana. Muryata ta hau, ke kuma ki ce halas, shi ke nan, ki kashe. In kin ga kuskure a bokon, ki tuna ba wanda ya zaunar da ni ya koya min, a littattafanki na cikin akwati na tsince shi.

Ga gaskiyar zancen. Kin tafi kin bar Baba yana faɗa da rediyo, yana tsokanar Sundus wai shayinta ruwan wanke kofi ne. Tun da aka yi masa aikin gwiwa duk wannan ya ɗauke. Daga ɗaki sai Masallacin Ƙuba, can ma a kujerar nan tasa mai naɗewa yake salla, ya dawo ya fuskanci bango. Abinci sai an yi da gaske. Likita ya ce gwiwa ta warke. To me ya rage? Ni dai abin da nake gani, mutum ne yake ƙarewa a gabanmu muna ba shi magani a kan lokaci.

Rannan ina kallon wasu masunta a waya, sai na ji muryar Baba daga bayana wai wannan yaron bai iya ɗaura ƙugiya ba. Umma, daga la'asar har aka kira magariba bai yi shiru ba. Ya ba ni labarin shekarun aikinsa a Yanbu, da ɗan jirgin katakon da suke shiga ran hutu, da Kaka wanda ya taso daga Yawuri ɗan masunta, ya zo ya ƙare kwanansa a garin da babu kogi. Ya ce yana so ya ƙara jin kifi ya ja zare a yatsansa, ko sau ɗaya ne. Ya faɗa ya yi dariya, wai zancen tsofaffi. Ni ban ɗauke shi dariya ba.

Na je haraj, kasuwar gwanjo, na sayi jirgin roba na hannu, shuɗi, ƙarami, mazaunin mutum biyu. Na kai shi gonar dabinon da Baba Maigandi abokin Baba ke kula da ita a Al-Awali, muka sa shi a birka, tafkin nan na ban-ruwa. Ina shiga, na ɗan karkata in ɗauki filafili, sai ga ni cikin ruwa jirgi a kaina. Baba Maigandi ya yi dariya har da riƙe ciki, wai jikan masunta ya sha ruwan dabino. Wannan faɗuwar ce Yaya Sharfuddeen ya ji ya ruga ya kira ki. Bai gaya miki abin da ya sa na gwada ba, ko? Don abin da ya same ni kada ya sami Baba.

Jirgin ba shi da laifi, siriri ne kawai kuma ba nauyi. Na karanta duk abin da na samu, na kalli masu gyara har idona ya yi ja, kuma a shagon kayan famfo nake wuni, bututu ba baƙona ba ne. Zan ɗora sanduna biyu na alminiyam a gicciye, kowane gefe in ɗaura ƙaton bututu da aka toshe bakinsa, su zama kamar hannuwa da jirgin ya shimfiɗa a kan ruwa. In ya so karkata, hannun ya tokare shi. Mazauni kuwa dole ya yi ƙasa sosai, domin gwargwadon yadda mutum ya yi sama, gwargwadon yadda jirgi ke neman zubar da shi. Zan yi masa majingini mai laushi saboda bayansa, in shimfiɗa abin da zai hana santsi. Ba zan huda ko'ina da ruwa ke taɓawa ba. Rigar ceto ma na sayo daidai ƙirjinsa.

Ban ce ki so teku ba, na san ko a Jidda kawar da kai kike in mun bi ta bakinsa. Roƙona ɗaya, kada ki ce masa a'a. In kika ce a'a zai ce to, ya koma wa bangonsa.

Ki gaishe min da Inna Zenabu da mutanen gida duka. Ki sa mu a addu'a.

Ɗanki mai bakin da kike kuka da shi,
Saif

Al-Ranuna, Madina
Ranar Talata

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da ladabi, da fatan kin tashi lafiya, ya mai jiki? Sundus ta ce an cire wa Inna ƙarin ruwa har ta sha kunu, alhamdulillahi. Na ji saƙonki. Ba ki ce e ba, ba ki ce a'a ba, kin ce Allah Ya tsare. Na gode. Na san abin da wannan ya ci miki.

Ina da labari mai daɗi da mara daɗi. Bari in fara da wanda zai sa ki murmushi.

Aiki ya kammala. Da farko na ɗaura bututan sun yi ƙasa da yawa, suna jan ruwa, jirgi na tafiya kamar jakin da ya ƙoshi. Na kwance na ɗaga su kaɗan yadda sai ya karkata za su taɓa. Na loda buhunan taki daidai nauyin Baba na yi ta girgiza shi. Na tsaya da ƙafa ɗaya a gefe. A ƙarshe na roƙi Baba Maigandi, kin san jikinsa tubarkalla, ya zauna a baki ɗaya ya saki nauyinsa. Jirgi ya sunkuya, ya yi tunani, ya ƙi kifewa. Na kuma ɗaura igiya mai kauri a gaba, wadda Baba zai kama in zai zauna ko zai tashi, saboda gwiwar.

Ran Juma'a na kawo Baba gonar. Ya daɗe yana zagaya jirgin da sandarsa, yana ƙwanƙwasa robar, ya ce a zamaninsu wannan bahon wanka ne. Da ƙyar muka saukar da shi cikin mazaunin, yana ta salati. Da ya zauna, ya jingina, sai ya miƙo hannu ba tare da ya waiwayo ba. Filafili yake so. Umma, da kin ga hannun nan da ke rawa in ya ɗauki kofi! Ya tsoma filafilin ko ɗigo bai fantsama ba. Muka yi ta zagaya birka ƙarƙashin dabino, wuri bai fi tsakar gidanmu biyu ba, amma fuskarsa kamar yana tsakiyar Bahar Maliya. Har faɗa ya yi min, wai ina zaune kamar buhu, in bi motsin ruwa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Sai ga Yaya. Dole ya zo, tunda wanet, motar a-kori-kurar da za ta ɗauki jirgin zuwa Rayis a bakin teku, tasa ce, takardun izini ma shi ya nema da sunansa. Ya tsaya a bakin birka da farar tob ɗinsa, doguwar rigar nan, ya ɗage ta kada laka ta taɓa. Bai kalli fuskar Baba ba. Abin da ya gani shi ne Baba a ƙasa gwiwoyi a sama, ni kuma a bencin baya kaina ya ɗara nasa, ƙafafuna kusa da bayansa. Ya ce a'uzu billahi, a wane gida aka taɓa ajiye uba a ƙasa kamar kaya, ɗa yana bisa? Ya ce a majalisa in Baba ya zauna a kilishi waninmu ya isa ya hau kujera? Ya ce a Rayis kowa da wayarsa, gobe a ga hoto ana cewa ga yadda Hausawa ke yi da tsofaffinsu. Bututan kuma wai kamar mangalar jaki. Shi kujera zai sa, mai tsayi, da laima, Baba ya zauna kamar mutum mai 'ya'ya.

Na yi masa bayani a hankali, wallahi da farko a hankali na yi. Ya ce girman iyaye ba a shagon famfo ake koyonsa ba. To daga nan ne. Na ce masa teku bai san ɗan fari ba, bai san tob ba. Na ce in girma yake so ya ba Baba, ya zo ya zauna da shi fiye da tsawon shan kofi ɗaya, tunda aka yi aikin gwiwar nan bai taɓa ba. Na ce abin da mutane za su faɗa ya fi damunsa a kan numfashin uban da ya haife shi. A gaban Baba Maigandi na faɗa, da ma'aikatan gona.

Na san abin da za ki ce. Rashin kunya ne, na ji. Amma ƙarya ce? A gidanmu in ƙarami ya ɗaga murya shi ke nan maganarsa ta mutu, ko da wuta yake cewa ta kama. Fuskar Baba ta rufe nan take, ya ce a fito da shi. A mota ya sa na ba Yaya haƙuri, na bayar da baki. An tsayar da Asabar mai zuwa, mu uku za mu tafi.

Duk da haka ranar ya cinye shinkafarsa har ya nemi ƙari, ya sa Sundus ta lalubo masa tsohon gwangwanin ƙugiyoyinsa. Yana nan yana goge su ɗaya-ɗaya.

Umma, ki aika wa Yaya ya bar mazaunin nan yadda yake. Ni in na sake faɗa, faɗa za a yi. Girman da yake nufi na gane shi, ni ma a gidan na tashi. Amma a cikin jirgi, wanda aka fi so shi ake sawa ƙasa.

A gaida kowa da kowa. Allah Ya dawo mana da ke lafiya.

Naki,
Saif

Al-Ranuna, Madina
Ranar Laraba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da tashin hankalin da kika shiga daga nesa. Ya jikin Inna? Baba ya dawo gida daga asibiti, ƙirjin ya yi sauƙi, tarin ya ragu. Wannan shi ne abin da kowa zai gaya miki. Ni sauran zan gaya miki, don na ji abin da aka ba ki a waya, wai tsautsayi ne, wai jirgin Saif ne.

Ba a jira Asabar ba. Ran Alhamis ina shago, Yaya ya je gona da wanet, ya ce wa Baba Maigandi da sanina. Ya kwance hannuwan jirgin ya jingine su a gindin dabino, wai ba za su shiga mota ba, alhali don a kwance a sake ɗaurawa na yi su. Ya fitar da mazaunin da na yi. Ya ɗauko kujerar sallar Baba, ya ɗora ta bisa jirgin, ya huda robar ya ɗaure ta da noti, ya soka laima a baya. Ya ce wa Baba aiki ya riƙe ni, na ce su je.

A waya na gani, a zauren 'yan'uwa. Baba can sama cikin fararen kaya, laima a kansa, ruwa shuɗi a bayansa, kamar ango. Kowa na masha Allah, masha Allah. Ke ma kin rubuta, Umma, na gani. Ban ga laifinki ba, hoton ya yi kyau. Ni kuwa ina ganinsa na san jirgin nan zai kife. Na yi ta kira ba a ɗauka ba.

Ba iska, ba igiyar ruwa, teku kwance kamar faranti. Kifi ya ja, Baba ya karkata ya bi zaren kamar yadda kowane masunci zai yi, shi ke nan. Jirgi ya juye, ƙafarsa ta maƙale a ƙarfen kujera. Ba don Sundus ta yi kuka ta sa shi ya saka rigar ceto tun daga gida ba, da wasu masunta da ke kusa suka yi tsalle suka zare ƙafar, da yanzu wata irin takarda kike karantawa. Ya sha ruwa, gwiwar da aka yi wa aiki ta murɗe.

Cewa da ake jirgin Saif ne, wallahi bai dame ni ba. An kira ni mara kunya, an kira ni majnuni, a ƙara da wannan. Abin da ke cin raina daban ne. Baba ya yarda shi ne ya kifar da jirgin. Duk wanda ya zo dubiya abin da yake gaya masa ke nan, wai tsufa ya kama shi, wai da a jirgin da bai kai wannan faɗi ba yake tsayawa a tsaye ya jefa zare, yanzu ga shi a zaune ma jikinsa ya ci amanarsa. Ya ce mutumin da ba zai iya zama a jirgi ba, saura jiran lokaci. Gwangwanin ƙugiyoyin ya ba Baba Maigandi ya ce ya ba duk wanda ya ga dama.

Na durƙusa a gabansa na ce Baba ba kai ba ne, kujerar ce, ko saurayi aka ɗora can sama sai ya faɗo. Ya shafa kaina ya ce Allah Ya yi min albarka. Lallashi ya ɗauka. Na koma gona na ɗaure kujerar yadda Yaya ya yi, na hau a cikin birka, na miƙa hannu kaɗan, na kife. Na sake, na sake kifewa. Baba Maigandi ya ɗauka a waya, wannan karon bai yi dariya ba. Na kawo wa Baba, ya kawar da kai, ya ce in daina neman ɗan'uwana da fitina. Kin gani? Duk abin da ya fito daga bakina yanzu, fushin ranar gona ne a kunnensa.

Shi kuwa Yaya kullum yana nan. Yanzu ya iya zama. Shi ke zuba wa baƙi gahawa, shi ke miƙa dabino, in Baba ya ce tsufa ne sai ya sunkuyar da kai ya ce ƙaddara ce, Allah Ya kiyaye gaba. Na yarda da ƙaddara, Umma, ba a Madina za a koya min ita ba. Amma ƙaddara ba ta riƙe sukundireba. Ban ce ya yi don mugunta ba. Na san a ransa girmama Baba ya yi. Sai dai ya ga uban nasa ya ɗauki laifin ya ɗora wa jikinsa, ya ga abin na kashe shi a zaune, ya yi shiru don shirun ya fi masa sauƙi. Wannan ne ba zan yafe ba.

Baba ya daina zuwa Ƙuba. Abinci cokali biyu. Ba bango yake kallo ba yanzu, idon ma rufe shi yake. Likita ya ce gwiwa za ta sake warkewa. Na ce masa na gode, waccan karon ma ta warke.

Hannuwan jirgin suna nan, ramukan da aka huda zan iya toshe su. Zan iya mayar da komai yadda yake cikin wuni ɗaya. Amma ba zan iya ɗaukar mutumin da ya yarda ya ƙare in sa shi a jirgi ba. Sai ya ji daga bakin da yake yarda da shi, bakin babban ɗansa, cewa ba jikinsa ne ya gaza ba.

Don haka ga abin da nake nema. Ran Juma'a bayan la'asar majalisa za ta cika, baffanni da maƙwabta da Baba Maigandi, duk waɗanda aka gaya wa tsufa ne. Sundus za ta kira ki ta ajiye wayar a tsakiyar kilishi yadda kowa zai ji. Na san tunda kika haife shi ba ki taɓa kama sunansa ba, kunyar ɗan fari, ko saƙo ta bakinmu kike aika masa. Shi ya sa in kika kira shi da sunansa a gaban mutane ba zai iya zuba gahawa ya wuce ba. Ki tambaye shi wa ya kwance hannuwan jirgin, wa ya ɗaga kujerar. Ba zagi, ba tsinuwa, tambaya kawai. Ya amsa da bakinsa, Baba na ji, jama'a na ji.

Ni na yi miki alkawari zan zauna a bakin ƙofa in cije harshena ko zai yi jini. In kuwa kika ji nauyi kika yi shiru, ni zan tambaya, kuma kin san yadda nake tambaya. Za a ce Saif ya sake, a tashi a watse, Baba ya rufe idonsa.

Kunyarki ta shekaru ce, na san ba ƙaramin abu na roƙa ba. Amma mijinki ne, Umma. Ki kira sunan, ya tashi ya amsa.

A gaida Inna Zenabu. Allah Ya ba mu lafiya baki ɗaya.

Ɗanki,
Saif